Shekarar da Mijin Hansai Ya Yi Ƙiba

Duk Unguwar Kanawa ta Kaduna babu wanda zai ce maka Hansai ba ta iya girki ba, in ka cire dangin mijinta. A gindin murhu ta tashi. Uwarta Yalwa ce ke sayar da tuwo a bakin hanya tun rabin unguwar yana fili, leburori da direbobi 'yan Kano da Katsina suna layi da kwanukansu, kuma tun Hansai ba ta wuce tsayin turmi ba take kaɗa miyar kuka babu gudaji ko ɗaya. Sai Allah da ikonsa ya haɗa ta da mijin da abinci ba ya kama jikinsa.

Malam Datti akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati da ke Doka, a cikin gari. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya cin na kowa. Dogo ne siriri, in ya hau Besfarsa iska ta cika masa riga sai ka rantse rigar ce ke tuƙin. Ya zauna gaban akushi, loma kaɗan zai yi ya tsame hannu ya ce alhamdulillahi. Lafiyarsa ƙalau, haka dai Allah ya yi shi.

To amma a wancan zamanin da tumbi ake gane ma'aikacin gwamnati. Waɗanda suka shiga aiki tare da shi duk sun ajiye teɓa, sun koyi tafiyar nan ta a hankali da manya ke yi, ciki a gaba, mutum na biye. Datti yana nan yadda aka ɗauke shi aiki. A ofis Tsinke suke ce masa, wasu a bayan idonsa, wasu a gaba. Mai neman aiki ya shigo, sai ya wuce teburinsa ya je ya durƙusa wa wani ƙaramin akawu mai kumatu. Datti ya yi murmushi kawai, amma abin yana cinsa, kuma Hansai ta sani.

Laifin ramar namiji kuwa ba a kansa ake ɗorawa ba, ai yana da mata. Yayarsa Mero ce ta ɗauki wannan aiki, kuma ba ta taɓa yin fashi ba. Ko suna ake, ko biki, ko zaman makoki, sai ta samu inda ta saka maganar.

"Hansai, wai ni ƙanen nan nawa azumi kike sa shi shekara da shekaru? Ko tuwon sayarwa kaɗai aka koya miki, na miji ba a kai nan ba?"

Mata su kwashe da dariya, Hansai ta sunkuyar da kai. Babu abin da ba ta gwada ba. Man shanu har ya yi iyo a kan miya, farfesun ƙafar sa, kunun gyaɗa, fura da kindirmo mai kauri, dambun nama a gwangwani ya tafi da shi ofis. 'Ya'yansu suka ci suka yi ɓul-ɓul, maƙwabta suka ci suka yaba, mai gidan yana nan jiya i yau. Shekara ashirin da wani abu tana shan wannan gori, ta sha kuka a kicin ta ce hayaƙi ne.

A shekarar casa'in da biyu, lokacin da tsadar Sap, tsarin tsuke bakin aljihun gwamnati, ta sa masu tumbin ma suka fara tsuke tazuge, Malam Datti ya soma tashi da ciwon kai. Da safe ya fi tsanani, har da amai. Daga nan ƙafar hagu ta fara ja, kofi ya riƙa suɓucewa daga hannunsa. Dangi suka ce shawara ce, aka dafa saiwoyi. Suka ce iska ce, aka yi hayaƙi. Sai da ya kife da Besfa a wani shataletale da rana tsaka, babu wanda ya taɓa shi, sannan aka tuna akwai asibiti.

Likitan da ya duba shi, Dokta Lawal, ya leƙa cikin idanunsa da 'yar fitila ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce sai an ɗauki hoton cikin kai, kuma na'urar sai Badun, can kudu. Babban yayansu Alhaji Sabo, ɗan kwangila ne da ke zaune a Unguwar Sarki, shi ya kwashe su a Fijonsa suka je suka dawo da hoton. Wannan tafiya kam ya yi ta, kuma bai bar kowa ya manta ba.

Ranar da za a ji sakamako, Alhaji Sabo ya ce wa ƙanensa ya zauna a benci a waje ya huta. Shi da Hansai suka shiga. Dokta Lawal ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna musu wani farin tabo mai baƙi-baƙi kewaye da shi.

"Ƙari ne a cikin ƙwaƙwalwa," in ji shi, "kuma irin mugun ne, ciwon daji. Abin da nake so ku gane, ba shi kaɗai yake zaune a wurin ba. Ya janyo jijiyoyin jini suna shayar da shi. Naman da ke kewaye da shi ya jiƙe ya kumbura, ga ƙoƙon kai ba ya buɗewa, shi ya kawo ciwon kan da aman da jan ƙafar. Jikin mutum yana da nasa mayaƙa a cikin jini, masu kashe duk wani baƙon abu. Sun isa wurin, amma ƙarin yana fitar da abin da ke kashe musu jiki, wasunsu ma ya juya su suna yi masa aiki. Ita kuma ƙwaƙwalwa tana da shinge, yawancin magungunan da za mu zuba ta jini ba sa tsallakawa. Inda yake, wuƙa ba ta kaiwa sai da ɓarna."

"To meye abin yi, likita?" Hansai ta tambaya.

"Gashi, Hajiya. Akwai na'urar da ke ƙona shi da haske mai ƙarfi, a can Badun ɗin. Sun ce ku koma bayan babbar sallah. Ba zan ce muku zai warke ba. Amma zai iya samun lokaci mai kyau, da hankalinsa, da ƙafafunsa."

Sai ya ɗauko wata 'yar farar ƙwaya ya ɗora a tafin hannunsa.

"Wannan zai riƙa sha kafin lokacin. Ku saurare ni da kyau. Kumburin kawai take saukewa, ba ta taɓa ƙarin ko kaɗan. Za ku ga ya miƙe kamar an yi wasa. Zai ci abinci kamar me, fuska ta cika, ciki ya fito. Kada wannan ya ruɗe ku, ba lafiya ba ce. Kuma in aka daɗe ana shanta, mayaƙan nan na jiki take ƙara kwantarwa, har ƙaramar cuta ta kayar da mutum. Aron lokaci ne kawai, har ku isa Badun."

Alhaji Sabo yana ta gyaɗa kai irin na manya, ido na kan agogo. Suna fitowa, kafin su kai wurin bencin, ya tsaya ya rage murya.

"Kul kika gaya masa. Mutum ya ji an ce daji, sai ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Kumburi ne, kin ji ko? Kumburi, kuma an ba da magani."

"To, Yaya Alhaji," in ji Hansai.

Haka ake yi, ai. Ciwon na mutum, kan nasa, ran nasa, amma shi ne na ƙarshen ji, in ma ya ji. Dangi su zauna su yanke abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, su kira wannan tausayi. Malam Datti ya ɗago daga benci ya ce me likita ya ce, yayansa ya dafa kafaɗarsa ya ce abin ya zo da sauƙi.

Ƙwayar ta yi duk abin da aka ce za ta yi. Cikin 'yan kwanaki ciwon kai ya ɗauke, aman ya tsaya, ƙafar ta saki. Sannan yunwa ta zo. Wata rana da azahar Hansai ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar taushe ta koma kicin, ba ta gama kwashe na yara ba ta ji yana kira.

"Hansai, babu ƙari ne?"

Ta leƙo ta ga akushi fes, har ya suɗe gefe. Ta tsaya riƙe da marar tuwo kamar wadda aka dasa. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin wannan tambaya daga bakinsa ba. Ta san daga ina yunwar ta fito, a kunnenta aka faɗa, amma wallahi daɗi ta ji, daɗin da ya sa ta hawaye. Ta ƙaro masa malmala biyu ta tsaya tana kallon ya cinye.

Daga ranar murhun gidan bai huta ba. Funkaso da safe, dambu da rana, alkubus da miyar ganye da yamma, tsakani kuma ƙosai da gyaɗa da duk abin da mai talla ya ratso da shi. Fuskarsa ta cika ta zagaye, kumatu suka fito, wuya ya haɗe da ƙeya, ciki ya turo riga. Huluna suka matse, aka ba da su. Tela ya zo har gida ya sake gwada shi, aka ɗinka manyan riguna na shadda. Ya je wurin mai hoto ya zauna a kujera, hannu bisa gwiwa, aka wanko aka sa a firam aka rataye a falo.

A ofis kuwa sai abin ya zama abin kallo. Ana cikin wannan tsada, kowa na ramewa, ga Tsinke yana cika yana batsewa. Nan take aka yanke cewa ya samu wata kafa, ya fara karɓar na goro, kuma maimakon a raina shi sai girmansa ya ƙaru. Waɗanda ba su taɓa ganin darajar gaskiyarsa ba suka fara miƙewa in ya shigo, don suna zaton ya zama ɓarawo irinsu. Masu neman aiki suka gano teburinsa. Sunan Tsinke ya ɓace, aka koma ranka ya daɗe.

Mero ta zo ta gan shi, ta yi guɗa a tsakar gida. Ta kamo hannun Hansai a gaban mata.

"Yau kam na yarda ke 'yar Yalwa ce. Ashe kin iya, ɓoyewa kike! Dubi ƙanena, tubarkalla, kamar wani babban sakatare."

Hansai ta buɗe baki za ta ce ba girkinta ba ne, ta tuna kashedin Alhaji Sabo, ta rufe. Gaskiya kuma ba kashedin kaɗai ya rufe mata baki ba. Yabon ya yi mata zaƙi. Shekara ashirin tana jiran wannan magana daga bakin wannan mata, ga ta ta zo, kuma ta ji ba za ta iya mayar da ita ba tun ba ta ɗumama a hannunta ba. Ta ce wa ranta ai da sauran lokaci kafin sallah.

Ana saura kaɗan sallah Alhaji Sabo ya aiko cewa za a yi walimar godiya. An ga ikon Allah, ba a ɓoye ni'ima. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, malamai suka yi sauka, aka yanka rago. Hansai ce ta tsaya a kan tukwanen shinkafar. 'Yan ofis suka zo, 'yan unguwa suka zo, Malam Datti na zaune a tsakiya cikin farar shadda ana miƙo masa hannu ana barka da arziki. Alhaji Sabo ya tashi ya ba da labarin yadda ya tuƙa mota har Badun bai runtsa ba. Shi da ya ji bayanin likita da kunnensa, shi ne ya fi kowa ɗaga murya wurin cewa an warke. Ba ƙarya yake yi da gangan ba. Ya dubi hoton likita sau ɗaya, ya dubi kumatun ƙanensa kullum, ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi.

Sallah ta zo ta wuce, aka gama cin soyayyen nama, babu wanda ya ambaci Badun. Hansai ta yafa mayafi ta tafi Unguwar Sarki, ta durƙusa daga bakin ƙofar falo.

"Yaya Alhaji, na ce lokacin da likita ya faɗa ya yi."

"Wane lokaci?"

"Na komawa Badun. Gashin nan."

Ya ajiye rediyon da ke hannunsa ya dube ta kamar ta zo da wata sabuwar magana.

"Ke Hansai, kina da ido kuwa? Mutumin da ke cin akushi biyu za a kai a gasa? Likitoci ai sai su faɗi nasu, Allah ya yi nasa. Mun tara jama'a mun yi godiya, yanzu kuma mu ɗauke shi mu nufi kudu, a ce me? Tashi ki je ki ci gaba da abin da kike yi, yana karɓarsa."

Ƙwayar da asibiti ta bayar an auna ta ne ta kai su sallah, kuma ta ƙare. Amma ga Ado mai kemis a bakin layi, wanda bai taɓa tambayar kowa takardar likita ba. Datti ya kai masa kwalin, Ado ya duba ya ce yana da ita, ya kuma ba da shawarar a ƙara guda in an ji kai ya yi nauyi. Asibiti kuwa Datti ya daina zuwa, mai lafiya me zai je yi.

Hansai ta ce za ta barka, ta zarce wurin Dokta Lawal ita kaɗai. Da ya ji har yanzu suna Kaduna sai ya cire tabarau ya dafe goshi. Ya ce ta kawo Datti ko ta halin ƙaƙa, kada a tsayar da ƙwayar farat ɗaya don hakan ma haɗari ne, amma kowane mako da ya wuce ƙarin ne ke cin riba. Ta dawo gida ta kwana biyu tana juya abin. Ranar Asabar da la'asar, Datti ya gama cin dambu yana zaune a tabarma a tsakar gida, ta zo ta zauna a gefe.

"Malam, akwai maganar da aka hana ni faɗa maka. Zan faɗa, in ya so Yaya Alhaji ya yi mini duk abin da zai yi."

Ta faɗa masa duka. Ƙarin, da sunansa na gaskiya, da kumburin da ke kewaye da shi, da mayaƙan jiki da ƙwayar ke kwantarwa, da Badun da ke jiransu tun bayan sallah. Bai katse ta ba. Da ta gama ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu, yana buɗe yatsun yana rufewa, kuma a nan ta gane ya yarda. Wataƙila ma ya jima da zargin haka.

"Likita hoto ya gani," ya ce a hankali. "Ni kuwa ina jin jikina."

"Malam, ƙibar nan ba taka ba ce. Ba girkina ba ne. Wallahi na so a ce nawa ne."

"Hansai, tun da na fara aiki ba a taɓa miƙe mini tsaye ba sai bana. Kin san haka? Bana kaɗai." Ya shafa cikinsa. "In na je su aske ni su gasa ni, na dawo kamar da ko fiye, kuma kin ce shi kansa likitan bai yi alkawarin warkewa ba. Me zan ce wa mutanen da suka ci shinkafar walima? In ce musu mun yi wa Allah godiya bisa kuskure?"

"Ka ce musu kana son ka rayu."

"Bari dai damina ta wuce," in ji shi. "Sai mu gani."

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma ya fi tausayin. Mutum mai hankali, mai 'ya'ya, an ɗora masa ransa a hannu ɗaya, gaisuwar 'yan ofis a ɗaya hannun, ya tsaya yana aunawa.

Maganar ba ta kwana ba ta isa Unguwar Sarki, don Datti da kansa ya je ya tambayi yayansa. Alhaji Sabo ya ce masa zancen mata ne. Washegari Mero ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba.

"Ashe baƙin ciki kike da shi! Shekara ashirin kin kasa, 'yar ƙwaya ta yi a wata biyu, shi ne kike masa fatan daji? Bakinki ya sari ɗanyen kashi! In ramammen kike so, ki je ki nemo wani, nawa ƙanen ya wuce nan."

Yabon da aka ba ta ranar guɗa, a tsakar gidan aka karɓe shi, da ƙarfin da duk maƙwabta sai da suka ji. Daga ranar unguwa ta san akwai wata ƙwaya a gidan Malam Datti mai sa ƙiba.

Damina ta yi nisa. Wani farin abu ya fito masa a harshe da dasashi, haɗiya ta zama wahala, amma yunwar ba ta bar shi ba, yana ci yana yamutsa fuska. Maruru ya fito a cinya ya fashe ya ƙi warkewa. Ƙishirwa ta addabe shi, buta ba ta nisa da shi. Fatarsa ta yi laushi, ɗan bugu kaɗan sai ta tara jini. Ciwon kan ya dawo, Ado ya ce a ƙara guda. Cinyoyi da damatsa suka zube suka koma sanduna, fuska da ciki kuwa suna nan cike. Hansai kaɗai ke ganin wannan, don ita ke taimaka masa ya sa wando. Babbar riga ta rufe sauran.

Masu zuwa gaisuwa su ce, "Malam, ya ƙarfin jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Su ce, "Ai ga alama nan, tubarkalla."

Sau uku tana haɗa kayan tafiya a jaka, sau uku yana cewa bari a ga ƙarshen wata. Ta je wurin limamin unguwa, ya saurare ta da kyau ya ce zai yi wa Alhaji magana, ya je ya sha shayi ya dawo ya ce mata ta yi haƙuri ta bi manya.

A ofis Datti ya faɗi, wajen ƙarshen damina, yana tsaye yana amsa gaisuwa. Jikinsa ya sandare ya hau karkarwa, kumfa a baki. Mutum huɗu suka ɗauke shi zuwa mota, kuma an ce har a lokacin ɗayansu sai da ya yaba nauyinsa.

Dokta Lawal ya same shi da zazzaɓi mai zafi da ƙirji cike da majina. Cutar huhu ce, irin wadda jiki mai ƙarfi kan ture da 'yan allurai. Nasa jikin babu mai tashi ya yi faɗan. Ɓarin hagu ya mutu, magana ta sarƙe. Alhaji Sabo ya iso yana haki, makullin mota a hannu.

"Likita, a shirya shi. Yau ɗin nan zan kai shi Badun, mota na waje cike da mai."

"Badun ta lokacin sallah ce, Alhaji. Yanzu ko Kawo da ke nan kusa ba zai kai ba."

"Amma likita, dubi jikinsa fa! Dubi fuskarsa!"

Likitan ya matsa bakin gadon. Ya kama gefen zanen da aka lulluɓe Datti da shi ya ɗaga daga wajen ƙafafu. Alhaji Sabo ya dubi ƙafafun ƙanensa, ya kawar da kai, ya fita waje neman wanda zai yi wa faɗa. Hansai ta mayar da zanen ta gyara.

Bai cika mako a asibitin ba ya rasu, da hantsi, tana riƙe da hannunsa na dama.

A zaman makoki an yi ta jimami. Maza a waje suna cewa mutum da jikinsa, da ƙibarsa, lafiya lau, kwana ne kawai ya ƙare. 'Yan ofis suka ce sammu ne, don duk wanda ya bunƙasa haka a wannan marra dole a sa masa ido, har an fara nuna wanda ake zargi. Alhaji Sabo yana karɓar gaisuwa yana cewa sun yi iya ƙoƙarinsu, har Badun sun kai shi. Ba a iya ce masa ya yi ƙarya ba, sun je ɗaukar hoto.

Hansai na ɗaka tana takaba. Ta tsani Mero, ta tsani Alhaji Sabo, ta tsani Ado da kemis ɗinsa. Amma in ta gama zagayawa sai ta dawo kan makonnin nan kafin walima, lokacin da bai riga ya zauna a rumfa an yi masa barka ba, lokacin da in ta faɗa masa wataƙila da ya tashi sun tafi. Tana kicin a lokacin tana tuƙa tuwo tana jin daɗi. Wannan ne ba ta iya haɗiyewa.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, wata maƙwabciyarta mai suna Ladidi ta shigo da rana. Yarinyar kirki ce, ba ta daɗe da aure ba, mijinta direban tasi ne. Ta yi gaisuwa ta ƙara, ta zauna tana murza bakin mayafi har sai da ɗakin ya rage su biyu. Sannan ta matso.

"Yaya Hansai, don Allah kada ki ga rashin kunyata. Ƙwayar nan da marigayi yake sha, ko akwai saura? Maigidan namu ne, kin dai gan shi. Uwarsa ta sa ni gaba, wai ba na ba shi abinci. Jiya a gidan suna har da..." Sai ta kasa ƙarasawa, idonta ya cika.

Hansai ta dube ta, ta ji kamar ta rungume ta, ta ji kamar ta kwaɗa mata mari. Ta kama hannunta ta zaunar da ita sosai, ta faɗa mata komai tun daga ofishin likita. Ta faɗa mata farin bakin, da marurun, da ƙafafun da babbar riga ta ɓoye, da cutar huhun da ta same shi babu mai tare ta. Ta ce mijinki lafiyarsa ƙalau, ki bar shi yadda Allah ya yi shi, gorin ba ya kisa, ni na sha shi na sani.

Ladidi ta saurara har ƙarshe tana share hawaye, tana Allah sarki, Allah ya jiƙansa.  Sannan ta ɗago kai.

"To Yaya, in rabi-rabi zan riƙa ba shi fa?"